Na Sake Karanta Shaihu Umar: Jawabi A Taron Shekara Na Ƙungiya

 

Kwamitin shirya taro ya ba ni minti goma, ya ce in yi magana a kan abin da na ga dama. To, abin da na zaɓa shi ne wani ɗan littafi da kusan kowa a nan ya taɓa riƙewa, ko da son ransa ko don tsoron jarrabawa, wato Shaihu Umar na marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Littafin ya fito a 1934, bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a Hukumar Fassara ta Zariya. Lokacin marubucin yana sabon malamin makaranta a Bauci, bai wuce shekara 22 ba. Sa'o'in littafin kun san su: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Mu dai a aji ba mu ɓoye wanda muke so ba. Idan aka buɗe Ruwan Bagaja, aka zo kan Alhaji Imam da Malam Zurƙe, sai malami ya buga tebur kafin dariya ta lafa. Ganɗoki kuwa ga yaƙi, ga aljannu. Amma Shaihu Umar fa? Wani dattijon malami ne zaune a Rauta, almajiransa sun tambaye shi asalinsa, yana ba su labari a hankali, ba raha, ba gaggawa. Ranar da aka zo kansa, 'yan bencin baya har gyangyaɗi suke yi. Ga wasunsu can ina gani, yau sun zama manyan mutane, ba zan kama suna ba.

Kwanakin baya na sake karanta shi, kullum shafi kaɗan bayan sallar isha'i. Sanyin nan da muke kuka da shi, shi ne ya riƙe ni. Littafi mai gudu ba ya barin mutum ya waiwaya. Wannan kuwa tafiyar raƙumi yake yi, kana karantawa zuciyarka tana zuwa wani wuri tana dawowa. Sai in kai ƙarshen shafi in tarar ina ɗakin karatun dare, ga fitila ƙwari sun kewaye ta, ga hunturu yana shigowa ta tagar da ba gilashi, wani yana ɓantarar ƙuli-ƙuli a aljihu don kada firifet ya ji.

Amma inda ya fi taɓa ni shi ne wajen uwar. Ku tuna labarin. An yi wa mijinta Makau sharri a fadar Kagara, aka kore shi. Ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun wata. Kafin ta komo an sace shi. Daga nan yaron ya yi ta wucewa hannu zuwa hannu har Kano, har Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙasarsu, ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi karatu ya zama malami. Shi dai nasa ya yi kyau. Ita kuwa ta bar gida, ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, ta ƙetare sahara, ta sha wulaƙanci shekara da shekaru. Da Allah ya haɗa su, ba ta daɗe ba ta rasu. Marubucin bai tsaya kururuwa a nan ba, ya faɗa kawai ya wuce, kamar yadda dattawanmu ke ba da labarin rashi.

Muna 'yan shekara goma sha uku, kurar da ta cinye ɓarawon yaron ita ce abin da muka riƙe. Ba mu lura cewa mu ma an ɗauko mu daga gaban iyayenmu mata an kawo mu nesa neman ilimi ba. Wa ya manta ranar da aka ɗora masa akwatin ƙarfe a mota? Tawa mahaifiyar ba ta raka ni tasha ba, ɗan fari ne ni, kunya ba ta bari ko sunana ta kira. Iyakarta zaure. Sai da na iso makaranta na ga ta ƙulle 'yan kuɗi a bakin zane ta tura ƙarƙashin garin kwaki. Kowane wa'adi wata uku nake yi, wasiƙa ɗaya nake aikawa, ita ma sai an nemi mai karanta mata. Abin da take ciki a watannin nan, sai a shafukan Shaihu Umar na hango shi, ga shi yanzu babu wadda zan tambaya. Allah ya jiƙan iyayenmu, da malamanmu da suka riga mu, musamman malaminmu na Hausa da ya haƙura da gyangyaɗinmu.

Jiya na leƙa laburaren makaranta. Kofi biyu na littafin na samu, ɗaya ba bango, ɗaya an yage ƙarshensa, wato duk yaron da ya ɗauke shi ba zai san ko uwar ta ga ɗanta ba. An yi fim ɗinsa a 1976, Adamu Halilu ya shirya, amma fim sa'o'i kaɗan ne an tashi, littafi kuwa yana iya jiran mutum shekara arba'in.

Saboda haka, ranka ya daɗe Shugaba, ina roƙon ƙungiya, cikin kuɗin da muka ware na gyaran ɗakunan kwana, a ɗebi kaɗan a sayi littattafan nan biyar, kowane aji ya samu. Na san yaran za su yi gyangyaɗi kamar yadda muka yi. A bar su, a dai ba su. Ni na ɗauki nauyin kofi ashirin, Ma'aji kuma yana bakin ƙofa da takarda da biro.