Funfunar Kashin Dabbobi da Yadda Ake Gane Ta

Duk wanda ya rufe ɗanyen kashin saniya a kwalba kusa da taga, bayan 'yan kwanaki zai ga wata funfuna ta tsiro, wadda masana suke kira Pilobolus. A madubin likita alamominta uku ne: siririn kara garau, kumburi mai ruwa a samansa, da baƙar hula mai ɗauke da iri. Karan yakan karkata wajen haske, kumburin ya fashe, ya cilla hular kimanin mita 2, ta manne a ciyawa, dabba ta ci. Tsutsar huhun shanu takan bi hular nan ta bazu, saboda haka sanin funfunar ya shafi lafiyar garke.