Azhari da Tutar Sudan



Isma'il al-Azhari, haifaffen Omdurman a 1900, malamin lissafi ne kafin siyasa ta raba shi da alli. Ya daɗe yana kiran a haɗe Sudan da Masar, da wannan kira ma jam'iyyarsa ta ci zaɓen 1953, ya zama firaminista. Amma da ya ga zuciyar talakawa ta karkata ga cikakken 'yanci, sai ya bi su, kuma a nan nake sara masa. Ranar 19 ga Disamba 1955 majalisa ta ayyana 'yanci. Ranar 1 ga Janairu 1956, shi da madugun adawa Muhammad Ahmad Mahjub suka ɗaga tuta a Hartum.

Mu Hausawan ƙasar Gadarif, da muka sunkuya muna girbin dawa da riɗi tun lokacin da Ingilishi suka kawo motocin noma wannan baƙar ƙasa, 'yancin bai iso mana a cike ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, wadda aka yi bayan Azhari ya sauka daga firaminista, ta sa da yawanmu neman shaidar kakanni kafin a ba su takarda.

A 1965 Azhari ya zama shugaban ƙasa, ya goyi bayan korar 'yan gurguzu daga majalisa. Wannan kuskure ne babba, don jama'a ce ta zaɓe su. Hafsan soja Numairi ya hamɓarar da shi a Mayun 1969, aka tsare shi a kurkukun Kobar, ya rasu cikin Agusta. Allah Ya jiƙansa.