Ciwon fuka a Damagaram: sabbin allurai da maganin da ke hannu

Hunturu ya kama. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta rufe unguwannin Birni da Zango na Damagaram, masu ciwon fuka kuwa sun shiga lokacin wahala.

A ƙasashen waje magani ya ci gaba. Tun 2003 Amurka ta amince da allurar omalizumab, a 2015 mepolizumab ta biyo baya, a 2021 kuma tezepelumab. Ana yin su bayan makonni biyu ko huɗu, suna kwantar da kumburin hanyoyin numfashi daga tushe, ga wanda maganin shaƙa ya kasa riƙe shi. Sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, kuma sai an adana su cikin sanyi.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke kusa da mu. Mutane da yawa sun dogara ga maganin shaƙa na Ventoline kaɗai, alhali tun 2019 ƙwararru suka daina ba da shawarar amfani da shi shi kaɗai, domin yana buɗe ƙirji ne kawai, ba ya taɓa kumburin. Wanda ake so shi ne na shaƙa mai haɗin budesonide da formoterol, kuma yana cikin jerin muhimman magungunan Hukumar Lafiya ta Duniya. Shi ya kamata hukumomin lafiya su wadata a asibitocin Damagaram, Mirriya da Magariya, a farashin da manomi zai iya biya.