Jawabi Kan Mita Da Tattalin Wutar Lantarki A Gida

Jama'a, muddin ana kawo wa magidanci takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, ba shi da dalilin kashe fitila da rana tsaka, domin ko ya kashe ko ya bari, kuɗin ɗaya ne. Don magance wannan, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin raba mitoci masu kati a shekarar 2020. Mai irin wannan mita yana ganin kuɗinsa na raguwa da idonsa. Nan da nan zai gane cewa ƙwan fitila irin na da, mai wat 60, yana shan wutar da za ta ishi ƙwayayen LED shida. Dutsen guga da hita kuwa sun fi komai cin kati, sai a kashe su da zarar an gama aiki.