FILIN AMSA WASIƘU: Yaushe Ya Dace A Fiɗiye Ƙaramin Kare?

 Yau wasiƙu biyu za mu haɗa mu amsa, domin duk bakinsu ɗaya, kuma duk daga yammacin Kano suka fito.

Ta farko daga Getso ce, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo. Mai wasiƙar ya ce ɗan'uwansa ya kawo masa ɗan kwikwiyo daga birni, irin ƙananan nan masu yawan gashi, yanzu watansa huɗu. Mai dandaƙar awaki na unguwarsu ya ce a kawo shi yanzu tun yana ɗanye, wani mafarauci kuma ya ce kada a taɓa shi sai ya shekara biyu, in ba haka ba rago zai zama. Shi ne yake tambaya, maganar wa zai bi?

Ta biyu kuwa daga Garo take, ƙaramar hukumar Kabo. Wani dattijo ne mai kiwon tumaki. Ya ce karyar da ke yi masa gadin garke ta haihu sau biyu, kuma duk lokacin da ta shiga neman barbara sai karnukan gari su yi dafifi a ƙofar gidansa, har jikokinsa su kasa fita makarantar allo. Ya bar 'yar kwikwiya guda daga haihuwar baya, watanta uku. Yana tambaya, ko akwai abin da ake yi wa mace, kuma yaushe?

To, Malam na Getso da Baba na Garo, mun gode da wasiƙunku, Allah ya bar zumunci. Amsar a taƙaice ita ce: kare mai ƙaramin jiki, wato wanda ko ya gama girma ba zai kai kilo 20 ba, in namiji ne ana yi masa aiki yana da kamar wata shida. In mace ce, tsakanin wata biyar zuwa shida, kafin ta fara neman barbara. Wannan ita ce shawarar da Ƙungiyar Asibitocin Dabbobi ta Amurka ta fitar a shekarar 2019. Amma ku dakata, kada kowa ya tashi sai ya ji dalili.

Me ya sa aka kawo maganar kilo? Ai jama'a, maraina da ƙwan mace ba haihuwa kaɗai ce aikinsu ba. Akwai sinadarin da suke zubawa cikin jini, wanda yana daga cikin abin da ke sanar da ƙashi cewa girma ya isa haka, a tsaya. Idan aka cire su ƙashi bai gama ginuwa ba, sai ƙafafu su ɗan zarce tsawon da ya kamata, gaɓoɓi su kasa zama daidai. Babban kare, irin wanda 'yan sanda ke amfani da shi, yakan shekara ɗaya ko fiye yana girma, ga nauyi a kan gaɓoɓin, saboda haka shi akan jira shi ya kai wata 9 zuwa 15. Ƙaramin kare kuwa da wuri yake gama girma, kuma ba wani nauyi yake ɗauke da shi ba.

A shekarar 2020 masana a Jami'ar Kalifoniya ta garin Debis, a Amurka, sun wallafa binciken da suka yi a kan jinsin karnuka 35, da kuma wani a kan karnukan da jininsu ya gauraya. Abin da suka gano shi ne, ciwon gaɓoɓi bayan fiɗiya da wuri matsala ce ta manya, masu kilo 20 zuwa sama. Yawancin ƙananan ba a ga ta ƙaru musu ba. Ka ga ke nan, Malam na Getso, maganar mafaraucin tana da ƙamshin gaskiya, amma ba a kan irin naka karen ba.

Yaya za ka san inda naka zai tsaya? Dubi uwarsa da ubansa, in an san su. In ba a sani ba, kai shi wurin likitan dabbobi ya ɗora shi a sikeli, ya dubi haƙoransa, zai ƙiyasta maka. Karnukanmu na gida, irin na Baba, da yawansu siririn jiki ne da su, ba sa kaiwa wannan nauyi, amma gara a auna da a yi kirdado. Sai dai wani hanzari: in ɗan karen naka irin mai dogon baya ne da gajerun ƙafafu ƙwarai, ka gaya wa likita, domin irinsu suna fama da ciwon ƙashin baya, kuma akan so a bar su su shekara tukuna.

Yanzu bari mu zo kan batun ragwanci. Fiɗiya ba ta hana kare haushi in ya ji baƙon motsi, ba ta kuma toshe masa hanci. Abin da takan rage shi ne yawon dare, da bin karya gari gari, da faɗa da sauran maza. Kuma a nan ne ribar take. Karen da ke kwana a gida shi ke gadi, wanda ya tafi yawo kuwa shi ke dawowa da rauni, ko ya gamu da mota a kan titin Kano zuwa Gwarzo. Akwai ma wani ƙari mai zubar da jini da ke fitowa a al'aurar karnuka, wanda ta hanyar barbara ake ɗaukarsa, kuma ya yi yawa a cikin karnukan da ke yawo a ƙasar nan. Amma fa in kare mafaɗaci ne tun asali, ko matsoraci mai cizo, kada ka sa ran wuƙar likita za ta gyara masa hali. Wannan sai horo.

Shi kuma mai dandaƙar awaki, a ba shi haƙuri, a bar shi da bunsurunsa. Kayan aikin da ake mai da bunsuru taure, ko ƙarfen matsewa ne ko zoben roba, ba a yi su don kare ba. Halittar wurin daban take, sannan kare zai juya ya yi ta lasa yana ciza har wurin ya ruɓe. Aikin kare sai da allurar barci, da wuƙa mai tsabta, da ɗinki. Har ila yau ka sa likita ya laluba ya tabbatar 'ya'yan marainan biyu duk sun sauko. In ɗaya ya maƙale a ciki har bayan wata shida, wannan ma dalili ne na yin aikin, domin wanda ya maƙale ya fi saurin zama daji. Kuma ka sani, namiji yana iya ba da ciki har 'yan makonni bayan aiki, saboda haka a tsare shi kamar wata guda ko fiye.

Baba na Garo, yanzu gare ka. Aikin mace ya fi na namiji girma, domin ciki ake buɗewa a cire ƙwai da mahaifa. Amma amfaninsa ma ya fi yawa. Karya takan nemi barbara kamar sau biyu a shekara, kowane karo mako biyu zuwa uku, cikinta kuma wata biyu ne da 'yan kwanaki, wajen kwana 63. Lissafa da kanka ka ga kwikwiyo nawa za ta zuba maka cikin shekara biyar, da kuma inda za su ƙare.

Sannan akwai cuta biyu da ke jiran karyar da ba a yi wa aiki ba in ta manyanta. Ɗaya ita ce ƙarin nono, wanda likitoci suka daɗe suna lura ya fi ƙaranci ga wadda aka yi wa aiki tun kafin neman barbararta na farko. Ta biyu ita ce taruwar mugunya a mahaifa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan karnuka mata kan kamu da ita kafin su shekara goma. Alamarta, bayan ta gama neman barbara da 'yan makonni sai ka ga ta daina cin abinci, tana yawan shan ruwa, ciki ya kumbura, wani lokaci ruwa mai wari yana fita. Wannan ba ta jira, in ba a yi aiki da gaggawa ba, mutuwa ce.

Saboda haka 'yar kwikwiyarka mai wata uku, saura wata biyu zuwa uku ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun yanzu ka je ka gana da likita ku tsai da rana. In kuwa ta riga ka, ka wayi gari ka ga gabanta ya kumbura tana ɗigar jini, to a dakata. A wannan lokaci jijiyoyin wurin cike suke da jini. A tsare ta sosai, a ƙirga wata biyu zuwa uku bayan ta gama, sannan a yi. Ita ma uwar ba ta makara ba: a bari ta yaye, nono ya ƙafe, a kai ta. Abin da muke roƙonka, Baba, kada wani ya ruɗe ka ya yi mata allurar tazarar haihuwa ta mutane. Irin wannan allura tana daga cikin abin da ke jawo mugunyar mahaifar da muka ambata.

Kafin ranar aiki, ga abin da ya kamata ku duka biyu ku yi. A ba da maganin tsutsar ciki, a cire kaska, a tabbatar dabba tana da ƙoshin lafiya. Uwa uba, a yi allurar rigakafin haukan kare tun tana wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Ku ji da kyau jama'a, fiɗiya ba ta hana hauka, allura ce ke hanawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa kowace shekara ta wannan cuta, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Maganin rigakafin nan a gida ma ana yin sa, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti ranar, ba gobe ba.

Daren jajiberin aiki a hana abinci kamar yadda likita zai faɗa. Bayan aiki a ɗaure dabba a inuwa, wuri mai tsabta, kwana 10 zuwa 14, a hana ta lasar ɗinki. In da damina abin ya faɗo, a duba wurin safe da yamma saboda ƙuda, kada tsutsa ta shiga. Kada a ba ta maganin ciwon jiki na mutane, yana iya huda mata ciki ko ya lalata ƙoda. In ta warke a ɗan rage mata tuwo, domin fiɗiyayyen kare da saurin ƙiba yake.

Ina za a je? Ku fara da malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku, a Gwarzo ko a Kabo, shi zai gaya muku ko za a iya a nan, ko sai an shiga asibitin dabbobi a birnin Kano. Aikin da ya gagara akan tura shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ku tambayi kuɗin aikin tun da wuri don ku yi tanadi. Game da hukuncin fiɗiyar kare a addini kuwa, wannan fagen malamai ne, ku tuntuɓi na kusa da ku. Mu bangaren lafiya muka yi bayani.

Malam na Getso, saura wata biyu, ka je a yi allura a auna. Baba na Garo, a gai da jikoki, Allah ya albarkaci garke. Sauran masu sauraro, ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, ku riƙa faɗa mana shekarun dabbar da kamanninta don amsa ta yi daidai. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.