Gudun Dogon Zango da Ranar Lahadi

Daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, har Doguwa ta bayan dajin Falgore, duk matashin da ya ɗauki gudun dogon zango da gaske, tambaya ɗaya ce ke jiransa a gida: yaushe za ka yi shi? Da damina, gonar masara da shinkafa ta cinye safiya. Ga iyali. Ga kuma 'yan'uwa Kirista, waɗanda Lahadinsu ta sujada ce.

Wannan matsala ta daɗe. A gasar Olamfik ta Faris a 1924, Eric Liddell ya ƙi shiga tseren mita 100 saboda an sa zagayen farko ranar Lahadi. Ya koma mita 400, ya ci zinare. Ta ɓangaren iyali kuwa, Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya gama gudun kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a 2019, ya saba kwana a sansanin horo na Kaptagat cikin mako, ƙarshen mako kuma ya koma wajen matarsa da 'ya'yansa.

Amma shi Kipchoge gudu ne sana'arsa. Ɗan'uwa, kai manomi ne ko malamin makaranta, don haka naka lokacin sai ka gutsuro shi daga barcinka, kada ka gutsuro daga haƙƙin uwargida. Ka fita da sassafe kafin rana ta ɗaga, ka bar doguwar tafiyar sai Asabar, Lahadi jiki ya huta a majami'a. Kuma don Allah a bi hanyar gona, a bar wa manyan motoci titin Jos.