Takardar Ciniki: Kaya, Kuɗi da Rana

Malamanmu, iyayenmu, 'yan kasuwa maza da mata, da ɗaliban jami'ar KNUST da suka tsallako suka zauna tare da mu a nan Oforikrom, ina gaishe ku.

Rubutun ciniki ba baƙo ba ne a zango. Tun fatake na lodin goron Asante a Salaga suna nufar Kano, takarda ke riƙe amana tsakanin mai gida da abokin cinikinsa. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga kuma ya rasu a 1934, ya rubuta littafi guda da Larabci kan tsarin rubuta wasiƙa a 1877, yana saurayi. Ayari kan yi watanni a hanya. In takarda ta isa da kalma mai harshen damo, babu damar tambaya sai wani ayarin ya taso. Dole mai rubutu ya faɗi huhu nawa ne, sabon goro ne ko daushe, nawa aka biya, nawa ya rage.

Yau waya na aljihun kowa, ita ce kuma ta sa muka yi sake. Mutum zai ɗauki saƙon murya na minti biyar a WhatsApp: ya gida, ya yara, ya jikin Hajiya, ya ruwan sama. Sai can ƙarshe ya ce a aiko masa da kayan nan irin na wancan karon. Wanne karon? Wanda aka tura wa yana tsakiyar kasuwar Kejetia, hayaniya ta cika masa kunne, ga masu saye a tsaye.

Ku ji yadda ya kamata: "Alhaji, barka da asuba. Ina son shinkafa buhu 20, mai kilo 50. Zan tura rabin kuɗin ta MoMo yau, ragowar ranar Juma'a. A ba motar Tamale ta gobe." Gaisuwa na nan, domin Bahaushe ba ya shiga magana babu sallama, amma layi ɗaya ta ishe ta. In kuna son hira, ku kira bayan isha'i.

Batun kuɗi ya fi damuna. Tun 2007 aka sauya kuɗin Ghana, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, amma har gobe za ka ji ana cewa "miliyan ɗaya" ana nufin sidi 100. Dattijo ya faɗa da tsohon lissafi, yaron shago ya ji da sabo, rigima ta tashi tsakanin mutanen da ke sallah a sahu ɗaya. Ku rubuta adadi da lamba, ku sa GH₵ a gabansa.

Talla ma haka. Kowane allo na cewa kayansa sun fi na kowa, saboda haka mai wucewa ya daina karantawa. Kafinta ya rubuta cewa gadonsa na katakon odum ne ko na wawa, ga girmansa, ga kwanakin da zai gama, ga lambar waya. Ya kuma yi da harshen mai saye: Twi, Hausa ko Turanci, wanda duk zai fi saurin shiga.

Wasu na ganin neman a rubuta bashi rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi har da ajalinsa. Ku ɗalibai, ku zauna da iyayenku a shago wannan makon, ku buɗe musu littafin bashi: suna, kaya, kuɗi, ranar biya.